Saura Ɗaya

Alkawari ɗaya tak Pashko ya sa na yi masa a shekara arba'in da huɗu da muka yi tare, amma ya sa na maimaita shi ya fi sau ɗari. Ranar da ya mutu, in ji shi, kada in yarda a buga laƙabinsa a takardar sanarwar rasuwa. Sunan da ubansa ya sa masa kawai yake so, Pashko Baranovic, sai shekarar haihuwa da ta mutuwa, sai wani hoto da ya ajiye a aljihun tebur wanda aka ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da uku, gashi cike da kai, ba ko gashin baki.

"Kin ji ko, Vinka?"

"Na ji."

"Ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari. Ci kifinka kafin ya huce, ba yau za ka mutu ba."

A garinmu Shibenik wannan ba ƙaramar buƙata ba ce. Masu suna Pashko Baranovic su huɗu ne a garin, biyu ma shekararsu ɗaya. Sunan yanka na takardun hukuma ne da na asibiti, ba mai neman mutum da shi. In ka tsaya gaban allon da ake liƙa sanarwar rasuwa, idonka laƙabi yake fara nema, sai ka gane wanda ya tafi sannan ka karanta sauran. Na mijina kuwa Saura-Ɗaya, a yarenmu Falijedan, kuma uwata ce ta jawo masa shi.

A bazarar 1974 ne, kwanansa uku da fara aikin jagorar baƙi masu yawon buɗe ido. Aka ba shi Jamusawa cike da bas, waɗanda aka kwaso daga otal-otal daban-daban, ba su san juna ba. Takardar sunayensu kuma an manta da ita a ofis, aka ce masa ya ƙirga da kansa. A gaban babbar coci ya tsayar da su, yana nuna musu kawunan mutane da aka sassaƙa da dutse a jikin bango, kowa ya ɗaga kai sama. Ya ƙirga su ya samu arba'in da ɗaya, ya rubuta a tafin hannunsa da biro.

Ƙarfe ɗaya na rana suka dawo bakin ruwa inda bas ke jira. Ya ƙirga, arba'in. Ya sake, arba'in. Sai ya ce da direba kada ya kuskura ya tayar da mota, ya zura da gudu yana ihu, "Saura ɗaya! Saura ɗaya!" Ya bi bakin ruwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya hau matakalu har ganuwar kan tudu sau biyu a cikin wannan zafin. Ya sa masunta suka leƙa ƙarƙashin jirage da sanduna. Masu shan kofi suka tashi, mata suka leƙo ta taga, ɗan sanda ya zo da littafinsa. Awa biyu Jamusawan nan suna dahuwa a mota.

Can wani daga cikinsu ya tuna ya ɗauki hoton ayarin da safe, da irin kyamarar nan mai fito da hoto nan take. Aka taru a kan hoton don a ga wa ya ɓata. Ɗan sanda ya duba, ya ƙara dubawa, ya sa yatsa a tsakiya.

"Wannan ai Manda ce, matar mai ɗinkin raga."

Uwata ce, da baƙin ɗankwalinta da kwandon alayyafo a hannu, baki buɗe tana kallon sama. Daga kasuwa take, ta ga mutane sun ɗaga kai, ita ma ta tsaya ta ga me suke kallo. Shekara hamsin tana wucewa ta gindin bangon nan ba ta taɓa lura akwai kawuna a jikinsa ba. Da ta gama kallo ta yi tafiyarta gida ta ɗora tukunya.

Da yamma ya zo gidanmu, rigarsa jiƙe sharkaf, fuska ja kamar gauta. Ni na buɗe masa ƙofa. Ya ce yana son ganin wadda ta kunyata shi a gaban gari.

Uwata ta fito tana goge hannu. "Ni na ce ka ƙirga ni? Ɗan nan, dube ni da kyau. Da ɗankwalin nan da kwandon nan na yi maka kama da Bajamushiya?"

"Inna, ai da kin matsa gefe."

"A garin ubana zan matsa gefe? Zauna ka ci abinci, ƙafarka rawa take yi."

Ya zauna ya ci faranti biyu na alayyafo da dankali. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura mana aure. Duk lokacin da muka yi faɗa sai ya ce uwata ta cinye masa suna, ni kuma in ce ta biya shi da mata, kuma shi ya ci riba.

Laƙabin ya kama shi kamar ƙaya a rigar ulu. Tun washegari masu karta a bakin ruwa suka fara, in sun raba kati sai wani ya ɗaga murya, "Saura ɗaya!" kowa ya fashe da dariya. Ma'aikacin gidan waya ya taɓa kawo mana wasiƙa daga Hambag da ba a rubuta komai a bayanta ba sai laƙabin da sunan gari. Ni na zama matar Saura-Ɗaya, 'yarmu Nives ta zama 'yar Saura-Ɗaya tun daga aji ɗaya. Wasu mazan garin nan suna ɗauke da laƙabin da ya fi nasa muni, suna amsawa suna dariya. Pashko bai taɓa amsawa ba ko sau ɗaya. Kuma daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, kalmomin nan biyu ba su sake fita daga bakinsa a jere ba. In ƙwai ya ragu guda a kwali, cewa zai yi, "Ƙwan bai ƙare duka ba." In ana jiran mutum a tebur, "Ba mu cika ba."

Abin da ya fi ba ni haushi da garinmu shi ne ba ya manta kuskure, kuma ba ya tuna daidai. Shekara talatin da takwas Pashko ya yi yana jan baƙi a cikin lungunan nan da jar lemarsa a sama, bai taɓa ɓatar da ko mutum ɗaya ba. Na sani, domin bayan an rufe masana'antar da nake aiki, ni nake bin bayan ayarinsa duk ranar da babban jirgin ruwa na baƙi ya shigo. Shi a gaba da lema, ni a baya kamar mai kora awaki.

Wanda ke gaba yana ganin fuskoki, na baya shi ke ganin gaskiya. Ni ke ganin matar da sabon takalmi ya ci wa dunduniya tana ɓoyewa, da mata da mijin da suka yi faɗa a jirgi suna tafiya da tazarar mutum uku a tsakaninsu, da tsohon da yake yi kamar yana ɗaukar hoto alhali numfashi yake mayarwa. Ni ke kamo masu sulalewa shagon tsaraba, in nuna musu jar lema da yatsa, ba sai na iya yarensu ba. A aljihuna kullum akwai filasta da alewa. Pashko kuwa yana can gaba yana ba da labarin ganuwa da Turkawa da masu sassaƙa dutse, da barkwancinsa guda huɗu da bai taɓa sauyawa ba. Har na san daidai matakalar da za a yi dariya.

Wuri biyar yake ƙirga su: bakin mota, gaban coci, ƙofar ganuwa, lungun bayan gidan burodi, sai kuma bakin mota a ƙarshe. Kowane ƙirge sau biyu, kuma kafin ya fara sai ya kalli takalman mutane, wai ɗan gari ba ya sa irin takalmin baƙi. Lungun bayan gidan burodi ya fi so, domin mutum ɗaya-ɗaya ake wucewa. Zai tsaya a baki yana motsa leɓe, su kuma suna shiga. A nan ne matan unguwa suke samunsa. Gwaggo Tonka, wadda tagarta ke daidai saman lungun, sai ta jingina da matashi ta fara tayawa da ƙarfi.

"Goma sha bakwai! Tara! Ashirin da shida!"

"Gwaggo, don girman Allah."

"Taimakonka nake yi, ɗana. Ka duba da kyau, na ga kamar Manda a cikinsu!"

Baƙin su ɗaga kai su yi mata murmushi su ɗauke ta hoto, a zatonsu gaisuwa take yi musu. Pashko ya haɗiye fushinsa ya koma farko. Da mun dawo gida sai ya ajiye lema a bayan ƙofa ya ce, "Wata rana matar nan za ta faɗo daga tagar nan, kuma ba zan ƙirga ta ba."

Gwiwa ce ta sauke shi daga aiki. Garin matakalu ba ya ƙyale gwiwar kowa. Sai ya koma zama a bencin bakin ruwa kusa da masu karta, ba ya wasa da su, yana kallon sababbin jagorori. Yaran yanzu abin magana suke maƙalawa a baki, baƙi kuma kowa da abin ji a kunne, jagora tana tafe tana surutu ba ta ko waiwaye. Hali zanen dutse, yana zaune leɓensa na motsi. Duk ayarin da ya hau sai ya ƙirga, in ya sauko ya sake.

Wata ranar Agusta ya miƙe da sandarsa ya tare wata yarinya mai jan mutanen ƙasar Folan tana shirin sa su a mota.

"'Yata, da talatin da uku kika hau. Da talatin da biyu kika sauko."

"Kawu, kowa yana ji na a kunne, ba wanda zai ɓata."

"Kunne ba ƙafa ba ne. Ƙirga."

Ta ƙirga tana ɓata rai, sai fuskarta ta sauya. A lambun masu zaman zuhudu da ke hanyar ganuwa aka samu wanda ya ɓata, wani tsoho, zaune a ƙasa jingine da bango, sukarinsa ya faɗi, abin jin yana maƙale a kunnensa har lokacin. Ya rayu. Masu karta suka tashi tsaye suna tafi.

"Faɗi mana, Pashko! Yau ranarka ce, shekara arba'in muna jira. Faɗi da bakinka!"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Mutanenta ba su cika ba," ya ce, ya koma ya zauna.

Ranar Talata ya rasu, cikin Nuwamban 2019, da hantsi. Ya sha kofinsa, ya ce zai sauka ya sayo burodi, zuciyarsa ta tsaya a matakala ta shida daga ƙofarmu. Ban yi ihu ba. Na zauna kusa da shi na riƙe hannunsa har motar asibiti ta zo, ita ma a ƙasa ta tsaya don mota ba ta shiga unguwarmu.

Da la'asar na je wurin Kresho mai buga takardu, riƙe da hoton da sunan. Ya karanta, ya juya takardar ko akwai wani abu a baya.

"Gwaggo Vinka, ina laƙabin?"

"Babu."

"Wa zai gane? Wannan hoton ma ni kaina ban san shi ba, kuma a gabansa na girma."

"Buga abin da na ba ka."

Ya buga, aka liƙa a allunan gari: jana'iza ranar Alhamis ƙarfe biyu. Da a da ne, da ba a buƙaci takarda ba ma, Gwaggo Tonka kaɗai ta isa ta sanar da rabin gari ta taga. Amma unguwarmu ta zama kango. Gidajen duk an mayar da su ɗakunan haya na baƙi, tsofaffin maƙwabta sun koma dogayen benaye a bayan gari, ita kanta Gwaggo Tonka tana can wurin ɗanta tana neman shekara casa'in da biyar. A Nuwamba in ka bi lungunmu ba ka jin komai sai kyanwa. Masu karta kuwa sanyi ya kore su daga bakin ruwa tun watan jiya.

Safiyar Laraba na dafa kofi babbar tukunya, na jera kofuna ashirin. Nives ta iso daga Zagreb. Muka zauna mu biyu muna kallon ƙofa. Har sha biyu ta buga ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Wanda ya fara zuwa shi ne Pashko Tawada, masunci, tsaran mijina, wanda baƙin ruwan kifin da yake kamawa ya rine wa hannu tun yana saurayi. Ya hau matakalunmu yana haki, ya cire hula a bakin ƙofa.

"Vinka, Allah ya ba ki haƙuri. Wallahi yanzu na ji, sai da na je na tambayi Kresho wane Pashkon ne. Tun safe gidana cike yake da masu baƙaƙen kaya. Matata ta buɗe ƙofa, ƙanwar ubana ta rungume ta tana rusa kuka, ni kuwa ina kicin ina soya kifi. Da na leƙo da cokali a hannu, baiwar Allah sai da aka yayyafa mata ruwa."

Nives ta toshe baki, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

"Na faɗa wa waɗanda suka zo," ya ci gaba, "amma su nawa ne? Sauran gari suna can suna cewa Tawada ya mutu, wasu kuma sun ce na unguwar tashar jirgin ƙasa ne, wanda ba mai gaishe shi. Ki yi wa Allah ki sa sunan mutumin nan, a san wanda za a raka gobe."

"Sunansa ne a jiki."

Ya juya hularsa a hannu. "Kin san abin da nake nufi."

Na sani. Bayan ya tafi na zauna ina kallon jar lemar nan a bayan ƙofa, raina a ɓace da mamaci, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Alkawari kaya ne, kuma ni na ɗauka da bakina. Amma mutumin da dubban mutane suka bi bayansa a garin nan, a ce gobe mutum shida ne za su bi shi zuwa kabari, wannan ya fi ƙarfin zuciyata. Na yi ta juya maganarsa kamar mai tsince shinkafa. Kada a buga laƙabinsa, ya ce. Bai ce kada matarsa ta faɗi abin da ke ranta ba.

A ƙasan kowace sanarwa akwai layin da ake bar wa iyali. Mutane kan sa a huta lafiya, ko ba za mu manta da kai ba. Ni na bar namu fanko, don ban san me zan ce ba. Na sa mayafina na ce Nives ta biyo ni.

Kresho ya miƙo mini takarda da biro. Na rubuta, ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Sunan yana nan yadda Pashko ya so, hoton saurayin ma yana nan. A ƙasa da ƙananan haruffa aka ƙara: Mun ƙirga a gida. Saura ɗaya.

"Mama," in ji Nives, "Baba zai tashi daga akwatin nan ya yi miki faɗa."

"Ya tashi mana. Me nake nema da ya wuce haka?"

A nan ne kukan ya zo mini, a shagon Kresho, tsakanin kwalayen takarda.

Kafin ƙarfe huɗu an sauya takardun a duk allunan. Kafin shida kofuna ashirin sun kasa, muna wankewa muna sake zubawa. Masu karta suka zo su biyar da rigunansu na zuwa coci. Ma'aikacin gidan waya na da ya zo. Yarinyar nan mai jan mutanen Folan ta zo da jariri a hannu. Jikokin Gwaggo Tonka suka ɗauko ta a kujera suka hau da ita matakala sittin da biyu, ta riƙe fuskata da hannuwanta ta ce, "Ni nake rikita masa lissafi, 'yata. Ko sau ɗaya bai zage ni ba." Ban gaya mata maganar taga ba. A duk yinin nan ba wanda ya furta laƙabin a gidana. Pashko suke cewa, wasu har da Baranovic, yana fita daga bakinsu da ƙyar kamar sabon takalmi.

Ban sani ba ko na cika alkawari ko na karya shi. Wata rana in ga na cika, wata rana in ga wayo na yi wa mamaci. In mun haɗu zai faɗa mini, kuma na san ba a taƙaice ba.

Ranar Alhamis limamin coci ya ce in wuce gaba kusa da akwati, wurin matar mamaci ke nan. Na ce Nives ta tsaya a can, ni wurina a baya yake. Ƙofar maƙabarta ƙarama ce, mutum bibbiyu ake shiga. Na tsaya a gefe suna wucewa, sai na ji leɓena yana motsi. Ɗari biyu da goma sha uku muka shiga, har da ni, har da shi.

Da aka gama na riga kowa zuwa ƙofar. Na fara duban takalma kamar yadda yake yi, duk na 'yan gari ne. Na ƙirga su suna fita, na sa kaina a ƙarshe, na bi lissafin a zuciyata karo na biyu. Ɗari biyu da goma sha biyu. Wannan karon ba kuskure ba ne.